Laujen da Muka Karɓe wa Yaya Bawa

Shekara hamsin da shida ke nan da rasuwar yayana Bawa, kuma har yau in an fara yankan shinkafa a fadamar Ambursa ba na sakewa.

A shekarun samun 'yancin kai ya bar gona ya bi Bulus, wani abokinsa ɗan Filato da iyayensa ke aiki a Birnin Kebbi. Suka haɗa ƙungiyar masu jita irin mai lantarki, kiɗan da Inna ke cewa kamar ana jan kwano a kan dutse. Yau suna Argungu, gobe Gusau, jibi Jos. Mu kuwa sai alfahari, yayanmu ya ga duniya.

Yana da wata waƙa da ya tsara da kansa. Matafiyi ne ke zayyana garuruwan da ya kwana, amma duk inda ya sauka tambayarsa ɗaya, ko gulbi ya kawo ruwa bana. Wata rana ya rera mini ita a zaure, ya ce, "Mi kag gane cikin waƙag ga?" Na ce mutum ne da ya huta da taɓo, yana yi wa manoma dariya. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya saki zancen.

Duk kaka sai ya dawo. Da ya sauko fadama ya naɗe wando ya ɗauki lauje, sai mu yi masa caa. Ni ke fara karɓewa, in shimfiɗa masa tabarma a inuwa, Inna ta aiko da fura. Ina ji da kaina wai na iya girmama na gaba. Zuwansa na ƙarshe ya riƙe laujen gam, har sai da Inna ta ce, "Aje shi, Bawa, kai baƙo na." Ya ajiye. Kafin a gama sussuka ya koma hanya, zazzaɓi ya kama shi a Jos, can aka binne shi.

Bulus ne ya kawo mana kayansa. Ya ce Bawa ya daɗe yana son barin yawo, amma yana ganin babu gurbinsa a gona. Nan na gane waƙar. Wa ke tambayar ruwan gulbi daga Jos in ba wanda zuciyarsa ke fadama ba?

Da zai ga injinan casa na yau da matasan da ke gudun gona suna jan babur, ina jin tsaki zai yi, shi da ya so noma muka hana shi.

Waƙar ba ta shiga faifai ba, ni ma rabinta ya ɓace mini. Abin da ya rage mini in yi shi ne duk jikan da ya zo hutu, fadama nake tura shi, iyayensa na guna-guni. Laifi nake ji har gobe. Ba faɗa ya kori Bawa daga gida ba, ladabinmu ne.