Shekara Shida Bayan Yaya Rabi: Ita Ce Ta Ƙi Zuwa, Ko Ciwon?

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata Rabi, malamar lissafi a wata makarantar 'yan mata a Kano. Allah Ya jiƙanta. Na ɗauka idan aka kwana biyu hankalina zai tsaya wuri guda a kan abin da ya faru, amma har yau ina zaune a unguwar Gorton, nan ƙasar waje, da tambayar da na kasa amsawa.

Da ciwon kai abin ya fara. Aka yi ta ba ta maganin zazzaɓi da na hawan jini, wasu suka ce iska ce. Sai da ta yanke jiki ta faɗi a gaban ɗalibanta sannan aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Ƙanenmu Aminu likita ne a Birmingham, shi aka tura wa hoton. Na same shi a gidansa na unguwar Ladywood, ya nuna min wani farin dunƙule ta wajen goshi, ya ce ƙari ne, kuma irin mai saurin girman nan.

Likitan da ya yi mata tiyata a can gida ya cire abin da zai ciru. Saura gashi, wato ƙona ragowar ƙarin da na'ura, na'urar kuwa ta lalace, sai a wata jihar, can ma layi ne mai tsawo. Muka yanke shawarar kawo ta nan. Aminu ya samo likitan da zai karɓe ta, ni na gyara ɗaki.

Ta ƙi. Ta waya ta ce min, "Zainab, ku bar ni a ɗakina. Ba inda za ni."

A nan kaina ya kulle. Yayar da na sani ba ta iya cewa a'a ba, ko yaro ya roƙe ta abu sai ta yi. Tun da ciwon ya kama ta halinta ya sauya. Takan tuntsire da dariya a zaman gaisuwa, ta dubi babban mutum ta faɗa masa gaskiya ido da ido. Aminu ya ce inda ƙarin ya tsiro nan ne mazaunin kunya da yanke hukunci, saboda haka ba ita ke magana ba, a ɗauko ta kawai. Mijinta Malam Sani ya ce masa, "Dokta, tun da na aure ta ban taɓa jin ta faɗi abin da take so ba sai yanzu. Ba zan danne shi ba."

Aka bar ta. An samu gashin a makare, ba a ma kammala ba. Shekara ba ta zagayo ba ta cika, a ɗakinta.

Bara Aminu ya gaya min abin da ya daɗe yana riƙewa. Ko a nan, da duk kayan aikinsu, yawancin masu irin wannan ƙarin ba sa nisa, wataƙila wasu watanni za ta ƙara. Ban san ko sanyi zan ji ko haushi ba. Watanni ai ba ƙaramin abu ba ne ga mai 'ya'ya.

Yanzu ana cewa an kawo sababbin na'urori a gida, amma kwanan nan wata ƙawata ta yi ta yawo da mijinta gari gari kafin a gasa masa. Me Yaya za ta ce? Ta kafin ciwon za ta ce Allah Ya kyauta. Ta ƙarshen za ta faɗi maganar da za ta sa manya sunkuyar da kai. Ban san wacce zan tambaya ba, ban kuma san wacce nake kewa ba.

'Yarta Hafsat tana unguwar Withington yanzu, nan kusa da ni, tana karatu a jami'a. Ɗalibai na zuwa wurinta da lissafi kamar yadda ake zuwa wurin uwar. Wata Asabar muna girki ta ce a watanninta na ƙarshe ne Yaya ta riƙa zaunar da ita a bakin gado tana ba ta labarin ƙuruciyarta, har da waƙa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Anti, da kun tafi da ita, da ban san mahaifiyata ba."

Na kira Aminu na faɗa masa. Sai ya tambaye ni ko Hafsat ta riƙe waƙar.