Majina a Ƙeyar Lurleen

Ranar taron iyaye, maƙwabciyata Lurleen ta miƙe za ta yi magana, ta zare takunkumin fuskarta na korona, sai ga baki wayam. Shekara biyu tana bayan ƙyallen nan, har ta saba barin haƙoran robanta a kofi. Ni na fara dariya, ba zan ɓoye ba.

Shekara ashirin da shida ke nan tana tuƙa bas ɗin makarantar garinmu a jihar Tennessee ta Amurka. Tun da aka hana makarantu tilasta wa yara takunkumi, ƙeyarta ta zama bola. Da wani yaro ya yi atishawa a bayanta, sai ta ji danshi yana gangarowa wuyanta. Ga mijinta Dewey a gida da huhu ɗaya, 'yar mura ta isa ta kai shi asibiti. Roƙon iyaye kawai ta zo yi, su riƙa sa wa yaransu takunkumi.

Boyd mai sayar da taya ya ce, "Kaka, hancin ɗana ni ke da iko da shi. Je ki ɗauko haƙoranki tukuna."

Ta ce, "Haƙorana na gida a wanke, Boyd. Tunda hancin naka ne, gobe ka biyo bas ka riƙa kwashe abin da ke fitowa."