Kwana Tara Kwano Yana Dawowa

A gidanmu na Jidda ba don sanyi ake hura wuta ba, don gyaɗa ake hura ta. Sana'ar kakata ke nan, mahaifiyar babanmu. Da an sallame magariba sai ta kunna gawayi a tsakar gida, ta ɗora kasko cike da yashi, ta zuba gyaɗar da za ta kai bakin kasuwar Balad da safe. Mu jikokinta bakwai sai mu kewaye ta da sunan taya aiki, alhali kowa idonsa na kan wadda za ta tsallako daga kasko. Daga nan zuwa kiran lisha lokacin tatsuniya ne, kuma ban taɓa samun wurin zaman da ya kai wannan daɗi ba.

Mu haihuwar Jidda ne, Larabci ya fi mana sauƙi a baki, don haka Sitti muke ce mata, yadda Larabawa ke kiran kaka. Ba ta ƙaunar sunan nan ko kaɗan.

"Sittin wa?" in ji ta. "Ni da na tako daga Damagaram da ƙafata, shekara bakwai ina hanya, sai yanzu za ku mai da ni Balarabiya? Kaka za ku ce, ko kuwa ba gyaɗa."

Dokarta ke nan: wanda ya amsa tatsuniya da Larabci ya yi asarar rabonsa. Hausar da nake rubutu da ita yau, kwaɗayi ne ya koya min ita.

A unguwa kuwa an san ta da wani abu daban. Ana cewa tana jin Faransanci. Gaskiyar maganar, a hanyarsu ta zuwa hajji sun yi damina biyu a Forlami ta ƙasar Cadi, ta yi wanke-wanke a gidan wani Bature, ta tsinci abin da ta tsinta a bakin kukunsa. Faransancin Kaka bai taɓa fita daga madafa ba. Ta san albasa, ta san barkono, ta san "kawo" da "ya ƙone", amma ko gaisuwar kirki ba ta iya haɗawa. Duk da haka in aka yabe ta ba ta musu, sai ta gyara ɗankwali ta ce ai abin ba wuya.

Wannan suna ne ya jawo mana Aja Marem. Ina da shekara tara a lokacin, an gama hajji, alhazai sun cika gari suna jiran jiragen ruwa. Wakilin alhazan Sanigal ya kawo ta da rana tsaka, doguwar mace baƙa, da akwatin ƙarfe guda. Mijinta ya kwanta ciwo bayan saukowa daga Makka, ta tsaya jinyarsa har jirgin mutanensu ya tashi, shi kuma ya cika. Ba ta jin Larabci, ba ta jin Hausa, sai yarensu da Faransancin da ta yi a makaranta. Ta bar 'ya'ya huɗu a gida wurin ƙanwarta. Wani jirgin sai bayan sati uku, shi ya sa wakilin ya ce ba inda ya dace da ita sai gidan tsohuwar nan mai Faransanci.

Kaka ta karɓe ta hannu biyu. Ta sa aka share ɗakin soro, wanda ya fi kowane samun iskar teku, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Ta fito da kwanon tangaran mai murfi wanda ko babanmu ba a zuba masa a ciki. Aka yi wa baƙuwa yadda ake yi wa baƙon girma a wurinmu: a kai mata abinci a rufe, a ajiye, a fito a ja ƙofa, don ta ci a sake ba idon kowa a kanta. An gargaɗe mu yara cewa duk wanda ya leƙa ɗakin lokacin cin abinci zai gamu da muciya.

Kwanon ya dawo yadda aka kai shi. Kaka ta ce baƙin ciki ne, a bar ta. Kashegari ma ya dawo. Ta yi tuwo da miyar kuɓewa, ya dawo. Ta yi dambu, ta yi fate, ta sa Umma mahaifiyarmu ta dafa shinkafa irin ta Larabawa da nama, duk suka dawo, sai dai a ga an ɗan taɓa gefe. Ruwa kawai baƙuwar take sha, da shayi wani lokaci. Kaka kuwa mace ce da za ka taka mata ƙafa ta yafe, amma ba ta yafe a raina mata girki. Ta fara ƙunƙuni a gaban kasko, har gyaɗa ta ƙone mata sau biyu.

Ranar kwana takwas wakilin ya zo duba ta. Ya sauko daga soro fuskarsa a ɗaure.

"Ya Hajja, me kuke ba matar nan? Wallahi ko tsayuwar salla ba ta iyawa, a zaune take yi. Likitan jirgi ba ya ɗaukar wanda ba zai hau matakala da ƙafarsa ba. In ta kai ranar a haka, halas, magana ta ƙare, sai dai ta zauna nan, 'ya'yanta kuma sai yadda Allah ya yi."

Ranar ba a yi tatsuniya ba.

Washegari da azahar ta hana Umma kai abincin, ta ɗauki kwanon da kanta. Tana da ciwon gwiwa, rabonta da hawa soro ya fi shekara. Muna jin nishinta mataki bayan mataki. Abin da ya faru a can ita ta faɗa mana daga baya. Ta ce tana isa gwiwar ta ƙi, ba ta da yadda za ta yi ta juyo, dole ta zube a tabarmar baƙuwa. Tana zaune tana haki sai haushi ya sake taso mata. Ta ce bari dai ta ji abin da ke cikin miyar nan da har ake ƙinta kwana tara. Ta buɗe kwanon, ta gutsuri tuwo, ta kai baki a gaban baƙuwa, abin da a Damagaram sai a yi shekara ana ba da labarinsa.

Aja Marem ta dube ta. Sai ta ja jiki zuwa ga buta, ta wanke hannu, ta matso ta sa hannu a kwanon. Suka ci har ƙasan tangaran ya bayyana. Da suka gama, matar ta nuna kanta, ta nuna Kaka, ta ce, "Ansambul." Kaka ta san kalmar, don kukun Forlami yakan faɗe ta in zai haɗa albasa da tumatir a tukunya ɗaya. Tare ke nan.

Da la'asar aka kira wani tela mutumin Yamai mai jin Faransanci da ke bayan gidanmu, ya tsaya bayan ƙofa ya yi tafinta, tunda matar tana takaba. A nan muka ji sauran. A garinsu, in ji ta, ba a barin mutum shi kaɗai da kwano sai mai cutar da ake gudu, ko wanda aka yi fushi da shi. Gida duka faranti ɗaya ake kewayewa, baƙo a tsakiya. Da ta ga ana ajiye mata abinci ana ja da baya ana rufe ƙofa, yara ma an hana su zuwa kusa, sai ta ɗauka ƙyamarta muke yi saboda mutuwar da ta biyo ta. In ta buɗe kwanon sai ta kasa ci. Ban taɓa ganin Kaka ta ji kunya irin ta ranar ba. Ta yi ta jan bakin zanenta tana cewa, "Mu da muke girmama ta."

Da magariba aka hura wuta. Aja Marem ta fito ta zauna a saman matakala, inda za ta iya hango mu. Kaka ta juya yashi, ta buɗe da irin tata buɗewar.

"Ga ta nan, ta sha hanya."

Muka ce, "Ta shigo ta huta."

Wai wata kurciya ce guguwa ta ɗauke ta, ta jefa ta hayin babban kogi, a garin balbelu. Balbelu mutanen kirki ne, ga tsabta ga ladabi. Suka ba ta reshe mafi tsawo a bishiyarsu, kullum su kai mata gero zaɓaɓɓe su ajiye, su sauko da sauri don kada ta ji nauyi. Kurciya ta yi ta kuka a sama, su kuwa ba sa jin yarenta, sai su ce wa juna, ji yadda take gode mana. Tana ramewa suna ƙara mata gero. Can akwai wata tsohuwar balbela, gurguwa, mai baƙin kwaɗayi. Ran nan aka rasa mai kai gero sai ita. Ta hau da ƙyar, saukowa ta gagara, yunwa ta kama ta, ta ce wa kanta ai ba mai gani. Ta kai baki cikin geron baƙuwa. Kurciya na ganin haka ta daina kuka, ta matso.

Duk inda ta zo kan kalmar da ta sani, sai Kaka ta ɗaga murya ta jefa ta sama da Faransanci: ruwa, ci, da kyau. Sauran kuma ta yi shi da jiki, ta kwaikwayi ɗingishin balbela har muna faɗuwa don dariya. Daga saman matakala muka ji wata 'yar dariya, ta farko tun zuwan matar.

Yayana ya tambaya, "To kurciyar ta koma gida?"

"Ban sani ba tukuna," in ji Kaka. "Kogin da faɗi. Sai mun ga yadda cinta ya kasance."

Daga ranar aka ajiye tangaran, aka sauko da babban faranti. Nan kuma wata sabuwa ta ɓullo, don Umma ba ta taɓa cin abinci a gaban surukarta ba, balle kwano ɗaya. Ta zauna tana noƙewa, tana tsakurar shinkafa ƙwaya-ƙwaya, sai da Kaka ta ce, "Ke, ci abinki, na rufe ido. Kunyar nan ta kusa kashe mana mutum."

Bayan kwana huɗu Aja Marem ta sauko tsakar gida da kanta. Bayan sati ta karɓe madafa. Ta zana wa babanmu irin kifin da take so a ƙasa da tsinke, ya je kasuwar kifi ya samo. Ta dafa shi da shinkafa da tumatir da tsamiya, ta jera kabewa da rogo a kai. In an zauna sai ta riƙa ɓare kifin da yatsunta tana tura wa kowa gabansa, babba da yaro, ita ce ta ƙarshen ci. Ciniki kuma ya kankama a bakin murhu: ta ɗaga abu ta faɗi sunansa, mu maimaita, mu faɗa mata namu ta maimaita. Kuɓewa gombo, kifi puwason, barkono piman. Kaka ta shigar da ita cikin dokar gyaɗa, ba ta samun ko ƙwaya sai ta nema da Hausa. Ita ma ta rama, ba mai samun ƙanzon shinkafarta sai ya roƙa da Faransanci. A nan asirin Kaka ya tonu, don sau uku tana rasa ƙanzo.

Kowace magariba muna tambayar kurciya, Kaka tana ƙara mata gashin fiffike ɗaya. Ni dai tsoro nake ji, ina ta kallon ƙafafun matar in tana tafiya, ina auna su da matakalar jirgin da ban taɓa gani ba.

Ranar tafiya babanmu da Kaka suka raka ta bakin ruwa. Muka wuni muna leƙen ƙofa, ko za a dawo da akwatin ƙarfen nan. Gab da magariba suka shigo su biyu. Kaka ta wuce ta yi salla, ta hura wuta, ta zuba gyaɗa. Sannan ta ce, "Kurciya ta ƙetare. Da ƙafarta ta hau, ko ƙarfen gefe ba ta dafa ba. Da ta kai sama ta juyo ta ce min, sai wata rana, da Hausa tsantsa. Ƙurunƙus kan kifi, tunda ɓera bai iya iyo ba." Ta goge ido ta ce hayaƙi ne.

Na daɗe ina ɗaukar labarin nan a matsayin abin dariya, labarin yadda ciwon gwiwa da zafin zuciya suka gyara abin da ladabi ya ɓata. Sai da maigidana ya rasu, bayan shekaru masu yawa, na san ɗaya gefen. 'Ya'yana sun kula da ni iyakar kulawa. Su shigo a hankali da abinci mai kyau, su ajiye, su fita a hankali don in huta. Ni da na san tatsuniyar tun ina yarinya, na kasa buɗe baki in ce wani ya zauna. Mutum ba ya iya roƙon wannan, yanzu na gane, sai dai a yi masa.

Akwai wata maƙwabciyarmu mutuniyar Gini, sabuwar zuwa, ba Hausa ba Larabci. Ta shigo yi min gaisuwa ta tarar da kwano a rufe a gefena. Ba ta tambayi kowa ba, ta zauna ta buɗe, ta ɓare naman ta turo gabana, ta fara cin nata gefen. Na lalubo 'yan kalmomin da suka rage min tun na Aja Marem, na ce mata puwason ya fi nama daɗi. Ta yi dariyar lafazina har tana ƙwarewa. Ranar na cinye rabona, har na aika madafa a ƙaro mana.