Zanzaro a Bakin Bindiga

Duk ranar da na ɗiga wa keken ɗinkina mai, ƙamshin sai ya mayar da ni zauren kakana a ƙauyenmu, can bayan Maska. Da irin wannan man yake shafe bindigarsa ta iska, wadda ake karyawa a tsakiya, a tura 'yar ƙwayar dalma a gindin bututun da babban yatsa, a rufe. Ba ta cin albarushi, ba ta da ƙara, amma shahon da ke ɗaukar mana 'yan tsaki ya san ta. Tsohon nan ba ya yabon kansa a komai sai a saiti. A nan kam babu kunya.

Ni ce mai share masa zaure, shi ya sa yake kirana uwargida, ni kuma in ce masa tsohon miji mai rowa. Wata damina ya tafi ta'aziyya Gozaki ya yi kwanaki, ya bar bindigar a rataye, bakinta a buɗe. Zanzaro ya samu ramin da ake tura ƙwaya ya yi gininsa na laka a ciki. Ni kuwa, shekara tara da tarin iyayi, na ce bari in yi gwaninta. Na samo ƙusa na yi ta saƙata har lakar ta fita tas, na goge da gefen zanena, na zauna jiran yabo.

Yabon bai zo ba. Da ya dawo, harbin farko ya kauce, na biyu ma haka. Sai in ga ya sauke bindigar yana murza ido. Ranar da shaho ya sure tsako a gabansa, ya harba ya samu iska, bai ci tuwon rana ba. Baba ya ce yanar ido ce, irin wadda ta zaunar da yayan kakan har ya rasu, kuma bayan girbi za a kai shi Malumfashi a duba. Tsoho ya yarda. Ya naɗe bindigar a buhu ya tura ƙarƙashin gado, ya daina zuwa gona shi kaɗai, har ya fara dafa bango in zai fita. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ya daina tsokanata.

Ban san yadda bindiga ke aiki ba, amma na san lafiyarta lau kafin ƙusata. Mako biyu ina ɗauke da wannan a ciki, tsoron bulalar Baba ya rufe mini baki. Wata safiya na kai masa koko, na ga yana laluben ludayin da ke gabansa, sai kuka ya ƙwace mini.

"Kaka, ni ce. Na sa wa bindigarka ƙusa."

Ya jawo buhun, ya fito hasken rana, ya zagaya bakin ramin da farcensa, farcen ya maƙale. Ya tura ƙwaya ɗaya, ya turo ta baya da tsinke, ya ɗora mini a tafin hannu. Gefenta ya karce, har da ɗan ɓawon dalma. Ya ce ƙwayar da ta shiga da rauni iska na zurare mata ta gefe, ba za ta taɓa tafiya daidai ba.

Ya fere icce kamar fensir, ya naɗa masa samfefa mai laushi, ya ɗiga mai. Ya sa a bakin ramin yana juyawa da yatsu biyu, sau uku ko huɗu, ya goge, ya taɓa, ya sake. Na ƙagu na ce ya ƙara ƙarfi, ya ce ƙarfen da aka ci ba ya dawowa. Da farcen ya daina maƙalewa, ya ƙarasa da toka a tsumma, ya share cikin bututun. Sannan ya sa na ɗora marfin kwalba a kan katanga, ya ja baya taku ashirin. Marfin ya yi sama. Na mayar, ya sake tashi. A na ukun ma bai kuskure ba.

"Ashe idona na nan, uwargida," in ji shi, yana share fuska da hularsa.

Da Baba ya tambayi abin da ya samu bindigar, tsoho ya kalle ni ya ce zanzaro ne ya yi masa ɓarna.

Yau zauren ya zama shagon cajin waya, bindigar tana wajen ƙanena a Funtua, ni ce kuma ke laluben tabarau kafin in zura zare. In ɗinkin wata yarinya a shagona ya karkace, allurar nake fara dubawa kafin in yi faɗa. Kakana ya ƙara shekara goma sha ɗaya yana zuwa gona da ƙafarsa. Har ya koma ga Allah Zanzaro yake kirana, kuma duk gidan babu wanda ya san dalili. Allah Ya kai masa haske kabarinsa.