Ganyen Wankan da Na Kai London

Daga Funtuwa zuwa Kano

Ba a kira assalatu ba muka bar Funtuwa, ni da ƙanen maigidana da zai raka ni filin jirgi. Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ce ta ce in na dawo in rubuta abin da na gani da hannuna, a karanta wa mata. To ga shi nan. Wadda ta ga baƙi ya karkace ta yi haƙuri, da furfurata na fara riƙe fensir.

'Yata ta fari ce ta haihu a London, inda gwamnati ta tura mijinta kwas. Kun dai san yadda ake ciki tun da kuɗin man fetur ya buɗe, kowa sai Ingila. Ba na faɗin sunanta, ba kuwa zan rubuta shi ba, yarinyar zan riƙa ce mata. Mijinta suruki ne, Malam nake ce masa. A gida ya kamata ta yi goyon ciki, a dafa mata ruwa safe da yamma har ta yi arba'in. Tunda ba ta zo ba, na ce wanka ya bi ta. Na ɗaure buhun busasshen ganyen darbejiya, da kanwa, da gero, da yajin jego.

Kusa da Gwarzo sojoji suka tsayar da mu. Ɗayansu ya soka hannu cikin buhun, ya ce wa direba ko tsohuwar boka ce. Na ce masa da irin ganyen nan aka wanke uwarsa ranar da ta haife shi. Direba ya riƙa ba shi haƙuri, shi kuwa dariya ya yi, ya ce mu wuce.

Cikin jirgi da saukarmu

Da hantsi jirgi ya tashi daga Kano. An kawo nama cikin wani ɗan faranti mai murfi, na tambayi wanda ya yanka, ba wanda ya sani. Na ci biredin na mayar musu da sauran.

A filin jirgin London wani Baturen kwastan ya kwance mini buhu, yana shinshina ganye. Wani ɗalibi ɗan Katsina da muka taho tare shi ya yi mana tafinta. Wai Bature yana tambaya ko shan ganyen ake yi. Na ce ya gaya masa wanka ake yi da shi, in yana so in dafa in fyaɗa masa a gadon baya ya ji. Abin da yaron ya faɗa masa bai kai tsawon nawa ba. Aka dai ɗaure mini kayana.

Malam na jira a waje. Ya tsuguna nan gaban Turawa ya gaishe ni, na amsa ina kallon gefe, kamar yadda ya dace.

Woolwich

Gidan haya suke a bene, a wata unguwa da ake kira Woolwich, kusa da kogi. Ɗakuna biyu, da kicin da ba zai ɗauki turmi ba. Jaririn namiji ne, ƙato, kwanansa ya kusa ashirin. Na karɓe shi na ce, to maigida, ka sa na tsallake teku, ina tukuicina?

Abin da na fara lura da shi, yarinyar ba ta kai ƙasa ba da ta zo gaishe ni. Ta dafa kujera, ta rusuna rabi, ta miƙe a hankali kamar mai ɗauke da tulu. Na kau da kai. Ku da kuke da 'ya'yan fari kun sani, ba a zura musu ido, balle a ce ina yake miki ciwo.

Washegari na haɗa duk tukwanen gidan a kan murhun gas, na dafa ruwa, na jiƙa ganye. Ta ce in bari, ita za ta yi da kanta, banɗakin ba zai ɗauki mutum biyu ba. Ta shiga ta sa sakata. Na ji ruwa yana zuba. Amma wadda aka yi wa wankan jego ja take fitowa, tana huci, ganye ya ragargaje. Ita kuwa ta fito wuyanta a bushe, ganyen yana nan kamar yadda na ba ta. Haka da yamma, haka washegari.

Sai kuma na lura da yawo. Duk Talata da Juma'a da hantsi sai maƙwabciyarsu Hajiya Rabi, matar wani mai aikin rediyo, ta hawo ta ce Inna zo in nuna miki kasuwa, Inna zo ki ga kogi. In mun dawo sai in ji warin asibiti a ɗakin yarinyar. Na tambayi Hajiya Rabi, ta ce sabulun Turawa ne. Sabulun da ba ya wari sai Talata da Juma'a ban taɓa jinsa ba.

Zuciyata ta tafi wuri mafi muni. Na ce ko mutumin nan mai tsugunawa a gaban jama'a hannu yake sa mata in an rufe ƙofa. Na yi wa kaina alkawari, in haka ne, da ni da ita da jaririn jirgi ɗaya za mu hau.

Ranar Talata, gidan zane-zane

Wata Litinin ɗan Hajiya Rabi ya kwanta da ƙyanda, ba ta da halin fita. Sai ga Malam ya tsaya bakin ƙofa, yana gaya wa bango cewa ya sayi tikiti, gobe zai kai Inna wani babban gida da ake ajiye zane-zanen mutanen da. Suruki ya fita yawo da surukarsa su biyu! Daga nan na san abin da ake ɓoyewa ya fi kunya nauyi.

Turanci ban iya ba, amma lamba ba ta da yare. A jikin tikitin na ga goma da rabi. Na ce wane irin gida ne wannan mai lokaci kamar salla, ko zanen tashi yake yi? Malam ya ce wa takalminsa jama'a ce ta yi yawa, kashi-kashi ake shiga, wanda ya makara ya yi asara. Na ce to.

Muka hau jirgin ƙasa, yana can kujera uku gaba da ni. Muka sauka tsakiyar gari, ana yayyafi. Gidan ya fi babban masallaci girma, ginshiƙai jere, tantabaru ko'ina ba mai kamawa. Mun iso da sauran lokaci, amma mai tsaron ƙofa ya nuna agogo ya hana mu. Muka tsaya a layi cikin sanyi, ƙofa a buɗe, har sai da allurar agogon ta hau inda yake so.

A ciki wata mata ta karɓe mini laima da jaka, ta ba ni wani ɗan ƙarfe mai lamba. Na ce wa matar, ta bakin Malam, na san abin da ke cikin jakata. Daga nan aka rataya mini wani akwati a wuya, kamar ƙaramar rikoda, da kaset a ciki da abin toshe kunne. Matar ta nuna mini: in ka danna nan ya yi magana, in ka sake dannawa ya yi shiru. Kowane zane da lambarsa, akwatin yana ba da labarinsa. Na danna, sai muryar wani namiji baƙo tana raɗa a kunnena. Na yi a'uziyya. Wato an fitar da ni daga gida, an karɓe jakata, yanzu kuma an toshe mini kunne.

Gaskiya mutanen sun iya hannu. Na ga kifi a faranti, idonsa da danshi, har na kai yatsa, mai gadi ya yi gyaran murya. Na ga sarakunansu da gashin mata, da jirage a kan teku, da wata tsohuwa mai tamoji irin nawa. Sai muka faɗa wani ɗaki, mata tsirara daga wannan bango zuwa wancan, manya-manya, ba ko ɗan tofi. Malam ya kafa ido a ƙasa ya ƙara sauri. Ban taɓa ganin wanda ya biya kuɗi don ya kalli daɓe ba sai shi.

Shi dai agogonsa yake duba. Da muka kai wani zaure mai kujeru ya yi mini alama in zauna, zai zagaya. Na bari ya ɗan yi nisa, na danna akwatin ya yi shiru, na bi shi. Na same shi a wani lungu yana buga waya, ya ba ni baya. Da Hausa yake magana, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ta zo? Me ta ce? Ya daina ruwa?" Yana tambaya yana shafa ƙasan cibiyarsa, bai ma sani ba.

Na koma kujerata kafin ya juyo. Ɗakin duk zanen uwa da ɗa ne. Wadda ke gabana yarinya ce ƙarama, ta rungume jariri, fuskarta a gajiye. Na zauna ina kallonta ina tunanin yadda za a yi. Ba zan iya tambayarsa ba. Shi kuwa ko wuƙa aka sa masa ba zai yi zancen cikin matarsa a gaban uwarta ba.

Da ya dawo ya tsaya bayana, ban waiwaya ba. Na gyara abin kunnen, na ɗaga murya kamar kurma, ina fuskantar bango.

"Akwatin nan ya toshe mini kunne. Ko ganga aka buga ba zan ji ba. Duk mai wata magana a ransa ya faɗa wa matar nan ta jikin bango, ita ba surukar kowa ba ce."

Akwatin yana da ɗan gilashi, ana ganin kaset. Na san ya ga ba ya juyawa. Wasu Turawa suka zo suka wuce. Sannan ya fara gaya wa zanen.

Ya ce yaron a gicciye ya zo. Ta kwana ta wuni tana naƙuda, likitoci suka ce ko a yi aiki ko a rasa su duka biyun. Aka yi. Gefe ɗaya na ɗinkin ya buɗe, shi ya sa nas take zuwa Talata da Juma'a tana wankewa, ta kuma hana ruwan zafi ya taɓa wurin. Ya ce yarinyar ce ta roƙe shi kada Inna ta ji, saboda Iya Asabe.

Asabe ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Wajen haihuwa aka shiga da ita ɗakin tiyata, ba ta fito ba. Yarinyar tana da wayo a lokacin, ta ji na rantse wuƙar likita ba za ta sake taɓa jinina ba.

"Ni na sa hannu," in ji shi. "In laifi ne, nawa ne, ba nata ba."

Na danna akwatin. Baturen ya ci gaba da raɗarsa, na bar shi ya yi ta yi har idona ya bushe. Sannan na cire abin kunnen na miƙe.

"Mutumin nan surutu gare shi, ban ji ko ɗaya ba. Mu tafi gida. In da wata baƙuwa da take zuwa, ina so in gan ta kafin ta fita."

Na karɓi jakata, na duba ta a gaban matar, ba abin da ya ɓata.

Komawa Woolwich

A kan matakala muka ci karo da nas ɗin, baƙar mace ce kakkaura, irin mutanen Jamaika. Na tare ta na riƙe hannunta da hannu biyu. Ba ta jin nawa, ba na jin nata, amma ta gane.

Na ce Malam ya je ya sayo madara. Na shiga ɗakin na rufe ƙofa. Yarinyar tana kwance, ta yunƙura za ta tashi, na ce ta koma. Tun da aka yaye ta ban dube ta ido cikin ido ba sai ranar.

"Ɗaga rigar."

Ta ɗaga. Na duba ɗinkin daga wannan gefe zuwa wancan. Inda ya buɗe ya fara kamewa. Na ce wanda ya ɗinka ya iya. Sai ta fashe da kuka. Ni kuwa na juya kan jaririn na ce, kai maigida, ƙofa ba ta ishe ka ba sai da ka fasa bango? Tana kuka tana dariya tana riƙe ciki, tana cewa Inna bari, zafi.

Daga ranar na sauke tukwane. Ruwa mai ɗumi nake goge mata jiki da shi, yadda nas ta nuna mini. Talata da Juma'a ni nake riƙe kwano. Ganyen bai yi asara ba, ni na yi wanka da shi, sanyin ƙasar ya kama mini gwiwoyi.

Dawowa gida

Sai da ta yi arba'in, na ga ta tsuguna har ƙasa, sannan na taho. A filin jirgi Malam ya sake tsugunawa, na sake kallon gefe, amma na ce masa Allah ya yi albarka yadda zai ji. Na sauka Kano lafiya, na iso Funtuwa bayan la'asar. Na gode wa Allah, na gode wa Hajiya Rabi duk da sabulun Turawanta, da nas ɗin da ban iya faɗin sunanta ba, da malamarmu.

Mata sun cika gida, kowace tambayarta ɗaya, ko an samu yin wanka a can. Har wata ta ce ta ji ana yanka 'yan matan yanzu don ragwanci. Tun daga London na nemi izinin yarinyar, ta ce in faɗa. To ku ji a rubuce. Ba a yi wanka ba. An yanka ta, an ɗinke, tana raye, ɗanta yana raye. Sunanta ba zai fito daga bakina ba har in mutu, amma ɗinkin na gan shi da idona. Mai maganar ragwanci ta zo, ta san gidana.