Sakatare da Waƙar Maƙwabcinsa

Babu wanda ya tuna ranar da aka zaɓe shi sakataren wani abu. Tun yana ƙaramin ma'aikaci a wani ofis, inda aikinsa ɗauko takarda daga wannan tebur ya kai wancan, ya gano cewa duk taron da aka yi akwai kujera guda a gaba wadda mutane ke jin nauyin zama a kanta. Shi bai taɓa jin wannan nauyin ba. Ƙungiyar iyayen yara, kwamitin gyaran kwata, 'yan sasanta rikicin masu shaguna, ko'ina za ka gan shi da fayil a hammata, yana gyaran murya. Da ya yi ritaya sai abin ya zama sana'a. Sunan Sakatare ya bi shi har cikin gida, jikokinsa ma haka suke kiransa.

Bayan gidansa akwai wani tsohon malamin firamare, siriri, mai rubuta waƙoƙi, wanda unguwa ke kira Malam Mawaƙi. Katanga ɗaya ta raba su. Shekara da shekaru suna rigima a kan bishiyar Malam da ke zubar da ganye a tsakar gidan Sakatare. Duk sanda aka ambace shi, Sakatare kan taɓe baki ya ce, "Wannan mai zaman banzan? Mutum da gemunsa ya zauna yana jera kalmomi kamar mai shanya wanki."

Sai Malam Mawaƙi ya kwanta ciwo, ya rasu. An yi jana'iza da mutane kaɗan. Sakatare ya je, ya dawo, ya ce wa matarsa yanzu sai a sare bishiyar nan.

Bayan 'yan kwanaki yana karyawa da safe, ya ji gidan rediyo sun ambaci marigayin, har mai gabatarwa ya ce an yi rashin fasihi. Sakatare ya ajiye kofin shayi.

"Kin ji? Maƙwabcina ne fa. Aminina."

Matar ta dube shi. "Baban yara, wane aminin? Wanda ka ce ko gaisuwarsa ba ka so?"

"Ke ba ki san abota ta manya ba."

Kafin mako ya zagayo ya kafa kwamiti, ya ari aji guda a makarantar da marigayin ya koyar, ya tara unguwa. Manya suka cusa gwiwoyi a ƙarƙashin bencinan yara, fanka tana juyi tana ƙara ba iska. Sakatare ya miƙe ya ce buƙatarsa biyu ce: a amince marigayi gwarzon ƙarni ne, a kuma sa wa lungunsu sunansa. Ya ce irinsa ba a yi ba, ba kuma za a sake ba. Masu gyaɗa kai suka yi ta gyaɗawa, mafi yawansu ko baiti ɗaya na mutumin ba su taɓa ji ba.

Mai Kemis ne ya ɗaga hannu. Shi dai ya karanta waƙoƙin, don marigayin kan zauna a shagonsa yana jiran a auna masa jini.

"Sakatare, a yi a hankali. Malam yana da waƙoƙi masu daɗi, yana kuma da waɗanda in ka karanta sai barci ya ɗauke ka. Gwarzon ƙarni ba ƙaramar magana ba ce. Ku bari ƙasar kabarinsa ta bushe tukuna. Da yana raye wa ya taɓa ce masa sannu da aiki a cikinku?"

Aji ya kaure. Wani ya ce hassada ce. Wani ya ce ai tunda rediyo ta faɗa, magana ta ƙare. Tela ya ce shi bai san waƙa ba, amma marigayin bai taɓa yi masa gardamar ɗinki ba, don haka gwarzo ne. Sakatare ya buga tebur.

"Ni na san shi ciki da waje! Babu waƙar da ya rubuta bai leƙo ta katanga ya karanta mini ba. Ga yayarsa nan zaune. Yaya, don Allah ki jiyar da masu shakka ko guda ɗaya."

Yayar marigayin tsohuwa ce mai ƙaramin jiki, ita ta riƙe shi tun rasuwar matarsa. Ta ce ita ba ta iya karatu ba, sai dai wadda yake rerawa kullum in yana sharar ganye, ita ce ta zauna mata a ka. Ta gyara mayafi ta fara:

"Mai fayil a cikin hammata,
Kujerar gaba ta san zamanka.
Ko kaji suka kira taro,
Sai sun ji dogon jawabinka.
Ranar da na mutu, maƙwabci,
Ka ce musu ni aboki ne naka."

Sakatare ne ya fara tafi. "Kun ji fasaha! Kun ji yadda ya kama masu son a san su!" Sai ya lura shi kaɗai yake tafawa. Sauran jama'a duk hammatarsa suke kallo. Tela ya fara tari, tarin ya koma dariya, dariyar ta bi benci-benci har mai gadin makaranta ya leƙo ta taga. Tsohuwar ta ce, "Akwai saura fa, in ana so." Sakatare ya ce lokaci ya ƙure, ya rufe taro ba addu'a.

Washegari ya bayyana a shagon Mai Kemis fuska a murtuke.

"Na yi nazari. Gaskiyarka. Mutumin nan ba gwarzo ba ne, ko ma'aunin waƙa bai iya ba. Mu haɗa kai mu hana wannan shirme."

Mai Kemis yana jera kwalabe bai ko juyo ba. "Ai ni na sauka daga wannan ra'ayin. Shekara nawa muna neman yadda za mu kwatanta ka mun kasa, shi ya gama da kai yana shara. A sa wa lungun sunansa."

Haka gardamar ta juye, kowa ya koma inda ɗan'uwansa ya taso. Sakatare ya bi gida-gida yana bayanin cewa zambo ba adabi ba ne. Da ya ga ba a saurarensa, sai ya tafi gidan rediyon da kansa don ya gyara musu kuskure. Mai gabatarwa ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ce, "Baba, don masu sauraro su yi hukunci da kansu, wace waƙa ce ta ɓata maka rai?" Sakatare, da bai taɓa ganin makirfo ya ƙi magana ba, ya karanto ta tsaf da muryarsa mai kauri.

Waƙar da ba ta taɓa wuce unguwa ɗaya ba, ranar ta shiga gari. Direbobi suka ɗauka, mata suka ɗauka a wajen ɗibar ruwa. Ɗalibai masu bincike suka fara zuwa unguwar, su tsaya a ƙofar marigayin kaɗan, sannan su ƙwanƙwasa ta Sakatare su roƙi ya tsaya a ɗauke shi hoto. Kwamitin da ya kafa ya zauna ba shi, aka kafa allo mai sunan marigayin a bakin lungun. Ko marigayin gwarzon ƙarni ne ko ba shi ba ne, har yau masana ba su daidaita ba, amma ta ƙarƙashin allon nan Sakatare yake wucewa in zai je ko'ina.

Daga ƙarshe ya yanke shawarar ramawa da irin makamin da aka sare shi. Ya shige ɗaki ya rubuta waƙar martani, doguwa, wadda ta fara da tarihin aikinsa na ofis. Matarsa ta saurari farkonta ta ce ta bar tukunya a wuta. Ya kai wa Mai Kemis, ya tsare shi a bayan kanta ya karanta masa daga farko har ƙarshe, masu sayen magani suna tsaye suna jira. Da ya gama ya ce, "To, yaya ka gani?"

Mai Kemis ya cire tabarau ya goge ido. "Sakatare, da ina da sauran shakka a kan marigayi. Yanzu na san abin da wuya."

Sakatare ya ɗauki wannan a matsayin yabo. Yana nan yana ƙara mata baitoci, ya ce in ta kammala zai kira taro.