Na tambaye ta maigida

"Sannu da zuwa, ya gida, ya maigidan?"

Wallahi haka bakina ya suɓuce ɗazu, a ɗakin da ƙungiyarmu ta mata ke sauke waɗanda suka gudo daga duka, nan Tsanyawa. Matar tana zaune, ido ɗaya a kumbure, zaninta duk ƙarangiya, don ta cikin gonaki ta biyo kada a gan ta a hanya.

Na san ta. A wurinta nake sayen ƙuli-ƙuli duk ranar kasuwa.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Lafiya lau."

Na ce, "Subhanallahi! Yafe min, 'yar'uwa, sabo ne."

Ta ce, "Ba komai, Malama. Kasuwar da ta wuce ma kin tambaye ni, hannuna a ɗaure, na ce lafiya lau. Kika karɓi ƙulinki kika wuce."

Ni da nake tara mata ina koya musu gane alamun cin zarafi! Ruwan zafin da na kawo in gasa mata ido har ya huce a hannuna.

Jama'a, ku faɗa min gaskiya, "lafiya lau" nawa kuka karɓa makon nan ba ku dubi fuskar mai faɗa ba?